Daga Bakin Allo: Kwamfuta Mai Barcin Zomo

Da niyyarmu ita ce mu ci gaba da maganar shirin jarrabawa da muka faro, to amma wani abu ya faru a makarantar da muke koyarwa wanda ya sa muka ga gara mu jinkirta waccan magana, domin abin ya taɓa aljihun uwayen yara, kuma muna zaton ba mu kaɗai yake ci ma tuwo a ƙwarya ba.

Kowa a ƙasar nan yana tune da abin da ya faru a watan Agusta na 2023, lokacin da aka yanke wutar lantarkin da ke zo mana daga Nijeriya, wadda a sa'an nan ita ce kusan kashi 70 cikin ɗari na wutar da Nijar ke amfani da ita, aka daɗe cikin wannan hali har zuwa farkon 2024. A wancan lokaci ne ƙungiyar uwayen yara ta makarantarmu ta yi karo-karo, aka sayo farantan hasken rana da batura da akwatin nan mai juya wutar batir ta koma irin ta gida, wanda masu sana'ar ke ce ma inbata, don kada ɗakin kwamfutarmu ya zama ɗakin ajiyar ƙura. Kwamfutoci takwas ne na tebur a ɗakin, kowace da allonta, dukansu na hannu ne, irin waɗanda muke kira ƴan Kwatano. Sai kuma ta cinya guda a ofishin shugaban makaranta, wadda yake jona ma wani babban allo saboda idonsa ya fara rauni.

Abin ya yi ta tafiya daidai, sai a hankali muka fara lura cewa in an shiga da yara da ƙarfe 8 na safe, kafin a gama kiran suna inbata ta fara kuka, can sai komai ya ɗauke. Sai rana ta ɗaga sosai sannan a iya aiki, ga shi kuwa jadawali ba ya jiran rana. Laifi ya fara yawo. Wasu suka ce mai sayar da batura ne ya cuce mu, wasu suka ce wanda ya yi haɗin ne bai iya ba, har aka sa ranar taron uwaye don a sake aza ma kowa kuɗin sabbin batura. Duk wanda ya taɓa zama a irin wannan taro ya san abin da ke biyo bayansa: akwai uban da zai biya yana gunaguni, akwai wanda zai yi shiru, sai dai a wayi gari a ga ɗansa ya daina zuwa.

Wanda ya warware mana matsalar ba malami ba ne. Tsohon maigadinmu ne ya tare mu a bakin ƙofa wata safiya, bayan mun gaisa ya ce, "Malam, Allah ya ba ka haƙuri, ni ban yi lakkwal ba, amma injunan nan naku ba su barci. Ni da su muke kwana ido biyu."

Muka ce, "Haba Baba, ai kafin mu tashi kullum sai mun ga sun yi barci."

Ya ce, "To in barci ne, na zomo ne. Ka zo da dare ka sa kunne a taga."

Gani ya kori ji. Muka nemo wani tsohon ɗalibinmu da yanzu yake aikin lantarki a gari, ya zo da wata ƴar na'ura da ake sa wa tsakanin soket da filogi ta nuna yawan wutar da abu ke sha, muka buɗe ɗakin bayan sallar isha'i ba mu kunna fitila ba. Abin da muka tarar ya isa a ji kunya. Allo biyar suna ta wasa da wasu zare-zare masu launi, suna lilo daga wannan kusurwa zuwa waccan. Biyu sun yi baƙi, amma a cikin duhu ana ganin wani haske-haske yana fitowa ta gefunansu. Guda ɗaya tak ya mutu da gaske, ƴar fitilarsa ta koma ruwan goro. Fankokin cikin kwamfutocin kuwa suna ta huci. A ofishin shugaba ma, ta cinyar tana rufe amma jikinta da ɗumi, fankarta na juyawa kamar ana tsakiyar aiki.

Bari mu fara da masu zare-zaren, domin su ne suka fi yaudarar mutane, har da mu. Wannan hoto mai motsi da ke fitowa in an bar kwamfuta ba barci ba ne, ba kuma don tattalin wuta aka ƙirƙiro shi ba. Tsoffin alluna masu ƙaton ƙeya irin na talabijin ɗin da, in hoto ɗaya ya daɗe a kansu yakan bar tabo a jikin gilashin har abada, shi ya sa aka yi dabarar sa hoton da ba ya tsayawa wuri ɗaya. Allunan nan sun shuɗe, dabarar ta rage, mu kuma muka gaje ta muna tsammanin hutu ne. Alhali muddin hoton nan na motsi, allon na shan wutarsa cikakkiya, kwamfutar da ke zana shi ma a farke take.

Masu baƙin nan biyu kuwa nasu ya fi ɓoyuwa. Allon zamani mai faɗi irin namu yana da fitila a bayan gilashinsa, ita ce ke cin mafi yawan wutar. Idan aka nuna baƙin hoto, toshe hasken kawai aka yi daga gaba, kamar mutum ya kunna fitila ya kifa mata ƙwarya. Ba a ganin haske, amma mai yana ƙonewa. Ɗalibin namu ya bi wayoyin ya gano cewa waɗannan biyu ba kai tsaye aka jona su ba, ta wani ɗan mahaɗi mai araha aka bi, irin wanda ke haɗa sabuwar kafa ta HDMI da tsohuwar waya mai shuɗin kai ta VGA. Kwamfutar na aika saƙon a kwanta, mahaɗin bai isar da shi yadda ya kamata, allon ya zauna yana jira har gari ya waye.

To yanzu mu yi lissafi, tun da dai aikinmu ne. Allo mai faɗi matsakaici, in yana kunne, yakan sha wat 20 zuwa 30. Mu ɗauki 25. Allo takwas sun zama wat 200. Daga ƙarfe 6 na yamma zuwa 8 na safe awa 14 ke nan, wato wat-awa 2,800. Babban batir mai bolt 12 da amfiya-awa 200, a rubuce yana ɗauke da wat-awa 2,400, amma masu sana'ar sun ce irin na dalma da ruwan asid ba a so a sha fiye da rabinsa in ana son ya yi ƙarko, wato 1,200. Ka ga alluna kaɗai, ba a ma zo kan kwamfutocin ba, suna iya lashe rabon batir biyu da ɗoriya a dare guda, ba tare da yaro ko ɗaya ya koyi harafi ba. Da a ce barcin gaske suke yi, kowane yana shan rabin wat, da duka takwas ɗin wat-awa 56 za su ci a daren. Bambancin ninki 50 ne.

Masu wutar gari kada su ce abin bai shafe su ba. Wat ɗaya da aka bari yana zuba dare da rana, a shekara ya zama kilowat-awa 8.76. Kowa ya ɗauko takardar kuɗin wutarsa ya ga nawa ake sayar masa da kilowat-awa guda, ya ninka da kansa. Da yayyafi kogi kan cika. Sai dai wata ƴar faɗakarwa: lambar da ke rubuce a bayan allo ba ita ce abin da yake sha kullum ba, iyakar abin da zai iya ja ce, saboda haka kada a yi lissafi da ita a tayar da hankali a banza.

Wannan matsala ba yau aka san ta ba, kuma ba a kanmu aka fara ba. A 1992 hukumar kare muhalli ta Amurka ta fito da tambarin Energy Star, ɗan tauraron nan da muke gani a manne jikin kaya, kuma da kwamfutoci da allunansu aka fara shi. A 1993 ƙungiyar masu ƙera alluna da ake kira VESA ta tsara yadda kwamfuta za ta gaya ma allo ya kwanta. Dabarar mai sauƙi ce: a cikin wayar akwai sigina biyu masu daidaita hoto, ɗaya a kwance ɗaya a tsaye, in kwamfuta ta tsayar da su sai allon ya gane an sallame shi. A 1996 kamfanonin Intel da Microsoft da Toshiba suka fito da tsarin ACPI, wanda ya rarraba matakan barcin kwamfutar ita kanta. A 1999 Hukumar Makamashi ta Duniya mai mazauni a Paris ta yi kiran kada wata na'ura ta sha fiye da wat ɗaya in tana zaman jira. Tarayyar Turai ta mai da abin doka: daga 2010 wat ɗaya, daga 2013 rabin wat. Abin da ya shafe mu a nan shi ne, kayan hannu da ke cika kasuwanninmu wasunsu sun girmi wannan doka. Duk mai sayen allo na hannu ya juya bayansa ya duba shekarar da aka ƙera shi kafin ya fara ciniki.

Sai mu zo kan ta cinyar shugaba, wadda ita ce ta fi ba mu wahalar ganewa. Mun saba da cewa in ka rufe murfin kwamfutar cinya ta kwanta. Haka ne in ita kaɗai ce. Amma in an jona mata wani allo, ga kuma wayar caji a jiki, da yawa daga cikinsu sukan ɗauka cewa mai su ya rufe ƙaramin ne don ya yi aiki da babban, sai su ci gaba da zama a farke. Ban da haka, a wasu kwamfutocin masu injin hoto biyu, ƙarami mai tattali da babba mai ƙarfi, kafar da ake jona allon waje tana bi ne ta babban. Da zarar ka sa waya ka tashe shi, shi kuwa in ya tashi sai zafi, in zafi ya zo sai fanka.

Akwai kuma wani canji da aka yi wanda yawancinmu ba mu sani ba. A tsohon tsari, in kwamfuta ta yi barci komai na tsayawa, fanka ta tsaya, sai ƙwaƙwalwar wucin gadi kawai ake ba ƴar wuta don kada ta manta aikin da ake ciki. Daga Windows 8 a 2012 aka shigo da wani sabon barci irin na wayar salula, aka faɗaɗa shi a Windows 10 a 2015, inda kwamfutar ke rufe ido amma kunnenta na buɗe, tana karɓar saƙonni tana sauko da gyare-gyare daga intanet. Kamfanin Apple ma ya kawo irin nasa mai suna Power Nap a 2012. In komai na tafiya daidai wutar da wannan ke ci kaɗan ce. In kuwa wata manhaja ko wani abin da aka jona ya ƙi sakinta, sai ta kwana tana aiki. Wanda ya taɓa ciro kwamfutarsa daga jaka ya ji ta da zafi kamar an sauke ta daga murhu, batir ya ƙare, to ya gamu da wannan. A ra'ayinmu an yi wannan tsari ne don mutanen da wuta ba ta yanke musu, ba a tuna da mai batir biyu da faranti a kan rufi ba.

In ɓera da sata, daddawa ma da wari. Wani lokaci allon ne ke hana kwamfutar sakat. Allunan yanzu da dama ba alluna ba ne kawai: suna da kafofin USB da ake jona linzami da madannai, wasu ma ta waya guda mai kan USB-C suke karɓar hoto su kuma yi ma kwamfutar caji. Irin wannan allo ko ya rufe ido cikinsa na farke, domin yana ciyar da abin da aka rataya masa. Wani kuma in ya yi barci mai nauyi sai kwamfutar ta ga kamar an cire shi, in ya motsa ta ga kamar an jona sabo, ta farka ta duba, su kwana suna tashin juna kamar jarirai biyu a ɗaki ɗaya. Linzamin ma, wanda yara ke ce ma ɓera, in teburi ya ɗan girgiza yana iya tashin kwamfuta.

Har akwai allunan da ke da fanka tasu ta kansu. Studio Display da Apple ya fitar a 2022 yana ɗauke da ƙwaƙwalwar A13, irin wadda ke cikin wayar iPhone 11, da fankoki a ciki, kuma ba shi da maɓallin kashewa ko ɗaya. Wasu allunan masu wasannin kwamfuta ma, masu na'urar G-Sync ta kamfanin Nvidia, suna da ƴar fanka. In fanka ta ci gaba da juyawa na ɗan lokaci bayan an kwantar da na'ura, ba laifi ba ne, zafin da ya taru take fitarwa. Wadda ta kai asuba tana juyawa ita ce abin bincike.

Kuma ɓarnar fanka ba a wuta kaɗai ta tsaya ba, wutar da take ci ma ba ta taka kara ta karya ba. Fanka iska take ja, iskarmu kuwa mun san ta. A lokacin hunturu, fankar da ta kwana tana juyawa ta kwana ne tana ɗura ƙura a cikin na'ura. Ƙurar ta toshe hanyar iska, zafi ya ƙaru, fankar ta ƙara gudu. Ga bazara tafe da zafin da ke haura digiri 40 a inuwa. Batirin kwamfutar cinya kuwa babu abin da ke tsufar da shi kamar ya zauna cike da caji cikin zafi. Da ɗalibin namu ya buɗe ɗaya daga cikin na teburin, abin da ya fito daga ciki ya isa a shuka gero.

Wani abokin aikinmu ya kawo hujjar da muka sha ji, wai yawan kashewa da kunnawa ne ke lalata na'ura, kuma wai wutar da take ja lokacin tashi ta fi wadda za ta sha in an bar ta. Ba mu raina maganarsa ba, domin ba mu ce a riƙa kashewa duk bayan minti biyar ba. Amma jan wutar tashi na daƙiƙoƙi ne, dare kuwa awa 14 ne, lissafin ba ya ma kusa. Kuma a ƙasar da wuta ke ɗaukewa ta dawo da ƙarfi, ga tsawa da damina, na'urar da aka raba da soket ta fi wadda aka bari a jone kwanciyar hankali.

Sai dai a yi hattara da abu biyu. Na farko, kwamfutar tebur da ke barci, aikin da ba a adana ba yana cikin ƙwaƙwalwar wucin gadi ne, in ka zare mata wuta yana iya tafiya. Saboda haka a adana aiki, a kashe ta ta hanyar da ta dace, sannan a taɓa soket. In ana son a dawo a tarar da komai yadda aka bar shi, akwai wani mataki da mu muka sa ma suna barcin gaiwa, domin kamar yadda gaiwa ke shiga laka ta shafe rani ba ci ba sha, haka kwamfutar ke kwashe aikin ta zuba a rumbun ajiya ta mutu ɗungum. A kwamfutocinmu masu Faransanci shi ne aka rubuta Veille prolongée, ƙaramin barcin kuma Veille kawai. Na biyu, masu sabbin alluna irin na OLED, waɗannan sukan yi wani gyaran gilashi da kansu bayan an kashe su, sai a ba su ƴan mintoci kafin a yanke musu wuta.

Ga wanda hannunsa ya ɗan faɗa, Windows na iya tona asirin mai laifi. A buɗe baƙar tagar nan ta rubuta umarni da izinin mai kula da na'ura, a rubuta powercfg /requests, za ta nuna abin da ke hana ta barci. In an rubuta powercfg /lastwake za ta faɗi abin da ya tashe ta na ƙarshe, powercfg /a kuma ya nuna irin barcin da kwamfutar ta iya, tsoho ko sabo. Da wannan muka gano cewa wata manhajar kallon bidiyo da aka bari a buɗe ita ke riƙe da biyu daga cikin namu. Wanda bai iya wannan ba, gwajin Baba maigadi ya ishe shi: ya kashe fitila, ya duba gefen allo, ya sa kunne, ya taɓa bayan na'urar da tafin hannu. Abin da ke da ɗumi da asuba wuta ya kwana sha.

Abin da muka yi bai ci kuɗi mai yawa ba. Mun cire hoton zare-zaren daga dukan kwamfutocin, muka sa allo ya mutu bayan minti 5 in ba a taɓa shi ba, kwamfutar ta kwanta bayan minti 15. Mun canza mahaɗan nan biyu. Mun sayo dogayen soket masu makunni, kowane layi da nasa, muka rubuta sunayen yara biyu a kowane mako waɗanda aikinsu ne su tabbatar an kashe komai kafin a rufe ƙofa, kamar dai yadda ake rabon shara. Shugaba ya karɓi shawarar barcin gaiwa da zare wayar babban allo in zai tashi, ko da yake sai da ya ce mun mai da shi ɗan aji ɗaya. Inbatar ma aka ce a riƙa kashe ta da yamma, domin ita kanta tana cin nata rabo ko ba a jona mata komai ba.

Baturan ba su dawo yadda suke ba, watannin da suka yi ana tatse su har ƙasa kowane dare sun rage musu ƙarfi, kuma wannan laifinmu ne mu malamai, ba na mai sayarwa ba. Mun faɗi haka a gaban uwaye, bai yi daɗin faɗi ba. Amma yanzu suna riƙe darasin safe har rana ta karɓa, kuma taron ya tashi ba a aza ma kowa ko dala ba, an dai amince a fara tara kaɗan-kaɗan don ranar da za a canza su.

Kwana biyu da fara sabon tsarin sai ga Baba maigadi ya sake tare mu a ƙofa. Ashe ƙwan fitilar da ke haska masa tsakar makaranta ta inbatar yake bi, mun kashe mun bar shi cikin duhu. Ya ce, "Malam, na ce injuna su yi barci, ban ce a rufe mini ido ba." Muka ba shi haƙuri, ɗalibin namu ya dawo ya ja masa waya daga batir kai tsaye, ya sa masa ƙwai mai bolt 12 mai cin wat 5, da makunninsa a gefen bencin da yake zama.